Kalanda, Mai Ƙirga Shekarun 'Ya'yan Mutane

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana masinja a wani ofis mai hawa biyu, kuma a duk tsawon shekarun nan babu abin da ya ƙware a kai kamar riƙe kwanan wata. Ba ya rubuta wasiƙa, ba ya sa hannu a kan komai. Aikinsa ya ɗauki fayil daga teburin ƙasa ya haura da shi teburin sama, ya tsaya bakin ƙofa hannu a baya har a tuna da shi a ce ya tafi. Amma ka tambaye shi yaushe aka ɗauki akawun kusurwa aiki, ko wace rana mai buga takardu ta tafi hutun haihuwa, yanzu zai zayyano maka har da ranar mako da irin rigar da ta sa. Shi ya sa 'yan ofis suka laƙaba masa Kalanda. Da fari yana kumbura fuska, daga baya ya lura sunan ya fi "kai masinja" daɗin ji, sai ya rungume shi hannu biyu.

Da ya yi ritaya aka sallame shi da agogon bango da takardar yabo, ya dawo unguwa da ƙwaƙwalwa cike da ranaku, ba inda zai sauke su. Mutumin kirki a irin wannan hali kiwon kaji yake kamawa, ko ya buɗe ɗan tebur a ƙofar gida. Kalanda benci ya kama.

Bencin na ƙofar shagon mai aski ne, dogo, ƙafarsa ɗaya an tokare ta da bulo. An ajiye shi don masu jiran layi, amma tun daga ƙarfe bakwai na safe Kalanda ke mallake gefen inuwa, alhali sanƙonsa ya daɗe da raba shi da almakashi. Daga nan ana ganin layin gaba ɗaya: famfon unguwa, rumfar mai faci da tayoyinsa, da kuma ƙofar makarantar sakandare can ƙarshe. Duk yarinyar da za ta makaranta sai ta bi ta gaban bencin nan, safe da rana.

A yi masa adalci, bai taɓa buɗe baki ya ce wa wani ya aurar da 'yarsa ba. Ya fi ƙarfin wannan. Jira yake sai uban yarinya ya hau kujerar aski, an ɗaure masa ƙyalle a wuya, inji ya ci rabin kai, babu halin tashi. Sannan ya yi gyaran murya.

"Waccan mai jakar ruwan toka, ba ta wajenka ba ce? Ikon Allah. Shekarar da aka zuba kwalta a layin nan aka haife ta, watan uku, ranar Talata. Sha huɗu ke nan da wata biyar." Sai ya girgiza kai, ya dubi sama kamar mai jimamin wani abu. "Lokaci ba ya jira. Ta isa fa."

Daga nan sai ya bar sauran aikin ga 'yan benci. Wani ya ce ai 'ya mace kamar tumatir take, wani ya kawo labarin 'yar wane da aka bari ta yi ta boko har ta jawo wa gidansu abin faɗa. Uban yarinya kuwa yana kallon kansa a madubi, kunnuwansa na zafi.

Abin mamaki, wannan ƙwaƙwalwa da ba ta mantuwa ba ta riƙe shekarun maza ko kaɗan. A gidan Kalanda akwai ɗansa namiji, ƙato mai gemu, wanda ya haura talatin, ba ya tashi barci sai rana ta take, ba ya komai sai cajin waya da canza riga. In aka tambayi uban sai ya ce, "Yaro ne, yana neman hanya." Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, shi kuwa Kalanda bisa nasa ya shimfiɗa tabarma.

Matarsa tana da sha huɗu aka kawo masa ita, yanzu ta yi furfura. Shekara arba'in da wani abu tana dafa masa, tana wanke masa, tana ajiye masa ruwan wanka, har ya zama bai san inda ashana take a gidansa ba, kuma yana faɗar haka da alfahari kamar wani digiri. Ba mai yawan magana ba ce. Shi ya ɗauka rashin abin faɗa ne. 'Ya'yansa mata biyu kuwa tuni ya sallame su, babbar tana sha huɗu, ƙaramar tana sha biyar, kuma wannan ne kirarinsa a benci: "Ni 'ya ba ta taɓa cika sha shida a ƙarƙashin rufina ba."

Wanda ya fara faɗawa tarkonsa sosai wani direban motar haya ne. Ba mugu ba ne, mutum ne mai saurin jin kunya, irin waɗanda magana ke hana su cin abinci. 'Yarsa ita ke zuwa ta biyu a aji, shi da kansa yake yawo da takardar sakamakonta a aljihun mota yana nuna wa fasinjoji. Wata uku Kalanda ya yi yana ƙara masa lissafi duk askin da ya zo, sha huɗu da wata shida, sha huɗu da wata bakwai, har direba ya koma zagayawa ta bayan layi. Ƙarshe dai direba ya cire ta daga makaranta, aka yi aure, ta bi miji wani gari. Ranar walima Kalanda ne a kujerar gaba, ya ci ya nemi ƙari. Bayan shekara aka ji haihuwa ta zo mata da gardama, jaririn bai zo da rai ba, ita kuma ta yi wata biyu a gadon asibiti. Da labarin ya iso benci Kalanda ya ce ƙaddara ce, ba mai tsallake ta. Sannan ya faɗi ranar da aka kwantar da ita da ranar da aka sallame ta, bai kuskure ko ɗaya ba.

Mutum ɗaya ne ya gagare shi a layin, shi ne mai faci. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya mata uku. Kowa ya zuba ido a ga ya cire babbar daga makaranta ta riƙe gida, kamar yadda aka saba, in ta kwana biyu kuma a aurar da ita ta biyun ta karɓa. Mai faci bai yi haka ba. Da asuba yake tashi ya ɗora tukunya, ya share tsakar gida, yara su ci su wuce makaranta. Ranar Lahadi a gaban kowa yake zuwa famfo da bahon wanki, har da kayan makarantar 'yan matan, ya tsuguna ya cuɗa su da hannayen nan nasa masu baƙin taya.

Wannan abu ya tsone wa Kalanda ido. Ya sa masa suna Uwargida.

"Uwargida, yau me aka dafa mana?" yakan ɗaga murya daga benci, 'yan majalisa su kwashe da dariya.

Mai faci yana tsoma tiyub a ruwa yana neman inda ke kumfa, ba ya ko ɗagowa. "Shinkafa da wake, Baba. In an ƙi ba ka a gida ka leƙo."

"Ga ka da budurwa sha shida da wata ɗaya a ɗaki, kana goge tukunya. Ba ka jin kunya?"

"Ina ji, Baba. Amma na duba, kunyar ba ta hana tukunyar fita."

Haka suka yi ta yi shekara biyu. Mai faci ba gwanin magana ba ne, ba ya wa'azi, ba ya gardama. Abin da ya fi ƙona wa Kalanda rai shi ne babu abin da ya same shi. Yaran ba su lalace ba, masu mota ba su daina kawo taya ba, sama ba ta faɗo ba.

Ana nan sai wata ma'aikaciyar ƙaramin asibitin unguwa, wadda kowa ke kira Sista, ta fara tara iyaye maza duk Asabar da yamma a wani aji na makarantar. Ita ce ke karɓar haihuwa, ta gaji da ganin yara suna haifar yara, ta kuma gane cewa yi wa iyaye mata faɗa a ɗakin awo ɓata yawu ne, tunda ba su ke yanke magana ba. Wata ƙungiya ta taimaka mata da alli da manyan takardu. Kalanda ya ce shi ba zai je mace ta tsaya a kansa tana koya masa riƙon gida ba. Sai a mako na uku ya ji an ce za a raba huluna da riguna masu rubutu, kuma za a zaɓi shugaban kwamitin iyaye. Ranar Asabar ya riga mai share ajin zuwa.

Ya kuwa yi jawabi. Shekara talatin da ɗaya yana tsaye bakin ƙofa yana jin manya na magana a taro, ashe duk ya haddace. Ya ce ilimin 'ya mace ilimin al'umma ne. Ya ce 'ya'ya mata su ne iyayen gobe. Ya ce wajibi ne a haɗa ƙarfi da ƙarfe. Mai aski da ke zaune a tebur na baya, gwiwoyinsa sun tokare da katako, ya saki baki yana kallonsa. Da aka zo zaɓe kowa ya noƙe, don kowa na da sana'ar da ke jiransa. Mutum ɗaya ne a unguwar ba shi da abin yi daga safe har dare. Haka Kalanda ya zama shugaban kwamitin hana aurar da ƙananan yara, ya fito da hula a ka da riga a kan riga.

Sista ba yarinya ba ce, ta san wanda aka zaɓa. Da mai aski ya same ta a gefe ya ce, "Sista, kin san kuwa kura kika ba ajiyar nama?" sai ta ce, "Na sani. Gara tana gabana ina ganin bakinta."

Tun daga nan Kalanda ya zama mai harshe biyu, ɗaya na Asabar, ɗaya na sauran kwana shida. Ranar Asabar ya ce a bar yara su yi karatu. Ranar Litinin ya rataye hular a ƙusa, ya koma benci ya ci gaba da lissafi. In aka tuna masa sai ya ce, "Wancan ai maganar taro ce. Taro daban, rayuwa daban."

Sai dai taron ya fara cizo ta inda bai zata ba. Sista ba ta yawan jawabi. Wata Asabar ta ja layi a tsakiyar allo, ta ce kowa ya faɗi abin da 'yarsa ke yi daga tashi barci zuwa kwanciya, sannan abin da ɗansa ke yi. Gefen mata ya cika har ta koma rubutu a karkace: ɗiban ruwa, shara, wanke-wanke, wankan ƙanne, girki, aike, goyo. Gefen maza aka samu abu uku, ɗaya a ciki ƙwallo ne. Aka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Sista ta ce, "To in ta faɗi jarrabawa sai mu ce ba ta da kai, gara a yi mata aure. Yaushe ta ga littafin?"

Mai aski yana da 'ya mai sha uku da samari biyu. A makon nan aka ga samarin a layin famfo da jarkoki, fuska a murtuke. Kalanda ya ce an fara lalata maza. Mai aski ya ce, "Baba Shugaba, ai kai ka ce a haɗa ƙarfi da ƙarfe. Ga ƙarfin can yana ɗiban ruwa."

Cikin wannan hali ne mijin babbar 'yar Kalanda ya rasu. Bayan an share makoki ta tattaro 'ya'yanta biyar ta dawo gidan uba, tana da shekara talatin da huɗu, ta rame, idanunta sun faɗa. Ƙannenta Yaya suke ce mata, haka kowa ya bi. Aka ba ta ɗakin da ake tara tarkace, don ɗakin kirkin yana hannun yaron nan mai neman hanya. Ba ta yi ƙorafi ba. Ta kama wankau a gidajen mutane, ta sa 'ya'yanta makaranta, har da ta biyun, yarinya doguwa mai sha biyar da ke son lissafi kamar me.

Kalanda ya ga gidansa ya cika, hayaniya ta hana shi barcin rana, sai ƙwaƙwalwarsa ta fara aikin da ta saba. Wata Laraba da rana ana tashi daga makaranta, benci cike, har da wani mai kantin kayan gini da bai daɗe da rabuwa da matarsa ba. Jikar ta zo wucewa da littattafai a ƙirji, ta rusuna ta gaida kakanta da mutanen wurin, ta wuce. Kalanda ya bi ta da kallo, ya yi gyaran muryar nan tasa.

"Sha biyar da wata biyu. Daren Juma'a aka haife ta, ana ruwa." Ya ɗan karkata wajen mai kanti. "Marainiya ce, ga hankali, ga aiki. Ni kuwa kun san tsarina, 'ya ba ta cika sha shida a gidana."

Bai san Yaya na tsaye bayan bencin ba. Ta dawo daga wankau ke nan, baho a ka, hannayenta sun yi fari da sabulu. Ta sauke bahon a hankali. Ta zagayo gaba, ta durƙusa har ƙasa kamar yadda 'ya ke yi wa uba, ta gaida mutane ɗaya bayan ɗaya. Mai aski ya kashe inji.

"Baba, na ji kuna lissafi. Don Allah ku taya ni da nawa. Shekarata nawa ranar da kuka cire ni daga makaranta?"

Mai hankali da ya ce ta tashi su je gida. Amma an tambayi Kalanda kwanan wata a gaban jama'a, kuma bai taɓa iya haɗiye irin wannan ba.

"Sha ɗaya da wata tara. Ranar Litinin."

"Ina aji nawa?"

"Aji uku. Ai kin makara shiga, uwarki na ta haihuwa, ke ce mai goyo."

"Haka ne. Ranar da aka kai ni fa?"

"Sha huɗu da wata ɗaya." Muryarsa ta fara sauka, ya soma shan jinin jikinsa.

Yaya ta gyaɗa kai. Ba ta ɗaga murya ba, har sai da na ƙarshen benci suka matso.

"Baba, da mijina ya kwanta, asibiti sun ba shi magani kala huɗu. Biyu farare ne, girmansu ɗaya, ɗaya na safe ɗaya na dare, an rubuta a jikin leda. Ya daina gani sosai, ni ke ba shi. Kunya ta hana ni cewa ban iya karantawa ba, ina uwar 'ya'ya biyar. Wata biyu ina ba shi na safe da dare, na dare da safe. Yarinyar nan da kuke ƙirgawa ita ta dawo hutu ta ɗauki ledar ta ce, Umma, ai kin juya su. Likita ya ce ba shi ya kashe shi ba, ciwon ne ya ci ƙarfinsa. Na ji, na gode masa. Amma ni har yau in na ga farar ƙwaya gabana faɗuwa yake."

Mai kantin kayan gini ya duƙa yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi.

"Ban zo in yi muku rashin kunya ba, Baba. Ku kuka haife ni. Amma wannan yarinya ubanta ne ya rasu, uwarta tana nan. Ku cire ta daga lissafi. In gidan ne ya yi ƙunci, ku faɗa mini, in nemi rumfa ko ta kwano ce."

Ta tashi, ta ɗora bahonta, ta tafi. Direban nan yana cikin masu jiran aski a ranar. Ya miƙe ya shiga motarsa ya zauna, ya daɗe bai tayar da ita ba.

Kalanda ya yi 'yar dariyar borin kunya, ya ce mata ke nan, zafin mutuwa ne bai sake ta ba. Ba wanda ya taya shi. Mai aski ya kunna inji ya ci gaba da aikinsa. Da Kalanda ya ga ba mai kula shi sai ya tuna wai yana da uzuri a gida.

A gida ya sauke abin a kan wadda ya saba. Ya tarar da matarsa tana tsince shinkafa a faranti, ya tsaya a kanta ya fara: ga irin tarbiyyar da ta yi, ga 'yarta ta tsinka shi a bainar jama'a, shi shugaba guda, yau sai ta faɗa masa wa ya ɗaure wa yarinyar nan gindi.

Tsohuwa ta fitar da wani ɗan dutse ta ajiye a gefe.

"Ni ce, Malam."

"Ke ce me?"

"Ni na ce mata duk ranar da ta ji ka ambaci 'yarta a bencin nan, kada ta jira ka dawo gida. A gida ba ka ji. Shekara arba'in ina gwadawa."

"Yaushe kika taɓa cewa wani abu?"

"Ranar da ka cire ta daga makaranta na ce. Ranar da ka cire ƙanwarta na ce. Kai da kake riƙe ranaku, waɗannan ne ba ka riƙe ba."

Ya ce to yau ba zai ci abincin gidan ba. Ta ce Allah ya kai mu. Fushin ya kai shi har la'asar, yunwa ta sasanta su.

Kwana tara bai leƙa benci ba, ya ce ƙafa ke damunsa. Da ya dawo ya tarar gefen inuwar na nan, amma wurin ya canza. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kore shi. Abin da ya faru ya fi haka ciwo. Duk lokacin da ya yi gyaran murya ya ɗaga ido wajen ƙofar makaranta, sai wani ya jefo maganar ƙwallo ko tsadar mai, hira ta bi can ta bar shi da lissafinsa a baki. Wata rana ya daure ya kai har "sha huɗu da wata", sai mai aski ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Baba, a nan gashi muke ragewa. Shekaru na masu su ne."

Kada a ce unguwar ta gyaru dare ɗaya. A shekarar nan ma an aurar da yara biyu a ƙasan layi, ɗaya ma uban yana zuwa taron Asabar yana gyaɗa kai. Amma a da in aka yi haka taya murna ake yi. Yanzu sai aka ga iyayen suna yi a gaggauce, suna kawo dalilai tun ba a tambaye su ba. Kunyar da Kalanda ya yi shekaru yana rabawa ba ta ɓace ba, gida ta sauya. Babbar 'yar mai faci ta gama sakandare ta samu shiga makarantar koyon aikin lantarki, uban bai yi biki ba, ya dai sayi sabon baho. Maza biyu ko uku suka fara zuwa famfo da safe, suna yi suna waige-waige, har suka gaji da waigen.

Amfani ɗaya aka taɓa samu da baiwar Kalanda, shi ma Sista ce ta tatso shi. Yawancin 'yan matan layin ba su da takardar haihuwa, kuma in uba ya so yi wa 'yarsa aure sai ya ƙara mata shekara uku da baki. Sista ta zaunar da Kalanda a ofishinta da rajista, ta ce ai ta ji ana cewa ƙwaƙwalwar ta fara tsufa. Ya fusata. Kwana uku yana zazzago ranaku, gida gida, tana rubutawa tana gwadawa da katunan rigakafi, aka yi wa yara sittin da ɗaya takarda. Bai yi don Allah ba, bai yi don yaran ba, ya yi ne don kada a ce ya manta. Sai da wani maƙwabci ya zo yana masa masifa, wai ya hana shi cewa 'yarsa ta kai sha takwas, sannan ya gane abin da aka yi da shi.

Da baƙi suka zo daga ƙungiyar don ganin yadda aiki ke tafiya, Kalanda ya sa hula da riga ya tare su tun daga bakin titi. Ya ce da ya karɓi unguwar nan cikin duhu take. Ya ce shi ya fara wannan gwagwarmaya tun daga cikin gidansa, ga jikarsa nan shaida, tana aji huɗu na sakandare, ba mai taɓa ta muddin yana numfashi. Suka rubuta, suka ɗauke shi hoto yana nuna sama da yatsa. Mai faci yana can yana fama da tayar wata babbar mota, ba wanda ya tambaye shi komai, shi ma bai ɗago ba.

Da shekara biyu ta cika aka ce za a sake zaɓe. Kalanda ya bi gida gida yana tuna wa mutane hidimarsa, kowa ya ce masa ba komai, Baba. Ranar Asabar aka ɗaga hannu. Ya samu uku, ɗaya nasa ne, biyun na wani kurma ne da ya ɗaga sau biyu. Aka zaɓi mai faci, wanda bai ma zo ba, sai aika masa aka yi. Ya ce in dai taron ba zai ci lokacin girki ba, ya karɓa.

Kalanda ya dawo gida rana ba ta faɗi ba, yana huci. Ya tsaya a ƙofar ɗakin matarsa, ya cika ta da faɗinsa, ya fara karanto butulcin ɗan Adam, da yadda ake cin moriyar ganga a yar da kwaurenta. Ya leƙa. Tsohuwa na zaune a tabarma, Yaya a gefenta, kowace da littafi mai layi da fensir, don wata huɗu ke nan suna zuwa ajin manya da Sista ta roƙa aka buɗe. Jikar na durƙushe tsakaninsu tana duba musu aikin gida, tana cewa kakarta ta sake rubuta wancan harafin, cikinsa ya juya baya.

"Magana nake yi," in ji Kalanda.

Tsohuwa ta lashi bakin fensir, ta ɗago ta dube shi.

"Muna ji, Malam. Ɗan matsa gefe, ka tare mana haske."

Ya matsa, ya jawo kujerar roba ya zauna a tsakar gida, ya ci gaba da faɗan shi kaɗai, ƙasa-ƙasa, har aka kira shi cin abinci.